Ƙafar Jabbi

Aliero, ranar Asabar

Zuwa ga Yayana Sadiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Amatullahi da yara da dukan mutanen Giwa Tazo. Tunda ka mai da wayata abin kallo, tana ƙara kana dubanta, to ga takarda ta hannun Ɗantani direba. Ita dai ba ta da wurin kashewa.

Jiya da na tashi daga makaranta a Jega na zo gida duba Baba Mamuda, wan mahaifinmu, sai na tarar da mutum kwance a zauren marigayi mahaifinmu. Bafulatani ne, sunansa Jabbi. Matarsa da ƙanensa suka kawo shi a bayan a-kori-kura, ƙafar dama a karye ƙasa da gwiwa, ta kumbura har tana ƙyalli. Ba sai na gaya maka inda aka karya ta ba. Duk ƙasarku ta Maiyama an ji shanu sun cinye irin albasarka a fadama, an kuma ji abin da mutanen gari suka yi wa mai shanun.

Baba Mamuda ya karɓe shi. Ya yi masa tofi, ya shafa man shanu, ya kewaye ƙafar da kara don kada ta motsa. Iyakar ƙarfinsa ke nan. Ka san yadda hannunsa ke rawa yanzu, kofin shayi ma sai an riƙe masa. Jan ƙashi a mai da shi mazauninsa sai hannu mai ƙarfi, kuma kai mahaifinmu ya bar wa ɗori, ba kowa ba. Na shiga gidan maɗora biyu na roƙa, kowa ya ce in yi haƙuri, wanda wani gida ya riga ya yi wa tofi ba a sa masa hannu. Na ce to asibiti, ƙanen Jabbi ya ce sam, za a nemi takardar 'yan sanda, su kuwa sun gwammace karaya biyu da shiga hannun hukuma.

Abin haushi, a makon nan nake karanta wa 'yan matan ajin ƙarshe tsofaffin littattafan nan masu tambayar ko ɗan Adam dabba ne da zaman gari ya ɗaure wa igiya, ko kuwa nagari ne duniya ke ɓata shi. Ina ta cika baki gaban allo, ashe tambayar tana kwance a zaurenmu tana nishi. Wallahi Yaya na ji kunya.

Ban tambaye ka ko kana wurin ba, ban kuma son sani. Ka zo ka ɗora ƙafar nan kafin ta kama a karkace. Ka gaishe mini da Amatullahi. Allah ya mai da maka da alherin abin da ka rasa.

Ƙanwarka,
Balkisu

*

Giwa Tazo, ranar Lahadi

Zuwa ga Balkisu,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya lau gwargwadon hali. Ki gaishe da Baba Mamuda da kyau, Allah shi ƙara mai lafiya.

Na ga takardarki, na kuma ga wa'azin da ke ciki. Sannu Malama, an yi karatu!

Bari in gaya miki abin da ba a rubuta cikin littafi ba. Irin wanga tun ƙarshen damina nike bisa kansa, ina ba shi ruwa kamar jinjiri, ina cire mai haki da yatsa. Saura ƙiris a fara dashe. Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, maƙwabtana da dama daga nan za su ɗebi na dashensu. Shanu sunka shiga da rana tsaka, kowa na gani, sunka bar mana turɓaya da kashi. Shekarar mutane ta tafi cikin tumbin saniya. Bara ma an yi, munka kai ƙara, anka ba mu haƙuri. Waccan shekara an yi, anka ba mu haƙuri. Ke gaya mani, haƙuri ana zuba shi a buhu a kai kasuwar Aliero?

Littattafan naki kuma, wa ya rubuta mafi yawansu? Ba jikokin waɗanda sunka zo da bindiga sunka ƙone garuruwa, sa'an nan sunka zauna sunka rubuta cewa kakanninmu ne mutanen daji ba? Yau su za ki ɗauko ki auna ni da su. Ke da albasa sai a miya, shi ya sa bakinki ke da daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda ke mai yoyo.

Ba ni zuwa. In na tako Aliero don mutumin nan, da wane ido zan dubi mutanen da muke sahu guda da su a masallaci? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma Baba Mamuda bai kyauta ba da ya yi tofi bai shawarce ni ba, amma babba ne, ba ni cewa komi.

Ki koma wajen ɗalibanki, ki fita harkar da ba taki ba. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Sadiƙ

*

Jega, ranar Talata

Yaya Sadiƙ,

Sallama a gare ka, da fatan an tashi lafiya. Gaisuwar tawa gajera ce yau, ka yi haƙuri da ita.

Maganar irinka gaskiya ce, kuma Jabbi bai musa ba. Ya ce shanunsa ne, zazzaɓi ya kayar da shi gindin itace suka kuɓuce masa. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, shanunsa ne. An zalunce ka, na yarda. Maganar masu rubuta littattafai ma akwai gaskiya a ciki, ni da bakina nake gaya wa ɗalibai su lura da wanda ke riƙe da alƙalami. To amma ba Bature ne ya kwantar da mutum a zaurenmu ba.

Na ce maka ban son sani. An sanar da ni ba da sona ba.

Jiya da la'asar na koma Aliero. Kumburin ya ɗan saɓe, Baba Mamuda ya kwance karan ya bi ƙafar da yatsunsa. Ya bi ta ya sake bi, sa'an nan ya ce in raka shi cikin gida. Ya ce, "Balkisu, taron mutane ba ya karaya haka. Taro farfasa ƙashi yake yi. Wagga karaya guda ce, tsaf, tsakiyar ƙwauri, nesa da gaɓa. Wanda ya yi ta ya san ƙashi." Ya kuma ce mutum biyu suka rage a zuriyarmu da suka san wurin nan, ɗayan ba ya iya riƙe kofi.

Na koma zaure na tambayi Jabbi ko ya ga wanda ya buge shi. Ya ce an danne fuskarsa a ƙasa, bai ga kowa ba. Amma ya ji an yi bisimilla a hankali kafin sanda ta sauka.

Bisimilla, Yaya! Irin wadda mahaifinmu ke yi kafin ya ja ƙashi. Abin da aka ba ka amana don ka miƙar da mutane, shi ka ɗauka ka kwantar da mutum. Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Yau a aji wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni ina ganin ana yi wa dabbobi ƙazafi. Kura ba ta koyon sana'a shekara da shekaru sa'an nan ta yi cizo da ita." Aji ya fashe da dariya. Ni na juya ina goge allon da babu komai a kansa, don kada su ga idona.

Ka ce in fita harkar da ba tawa ba. Zauren ubana ne, mai karyawar kuma ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. In wannan ba harkata ba ce, ban san tawa ba. Ina nan, ba inda za ni. Ka musa in ka iya.

Wassalam.
Balkisu

*

Giwa Tazo, ranar Laraba

Balkisu,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya.

Ba ni musawa. Ni ne. Kuma in ranar ta dawo, haka zan sake.

Tunda kin iya karatu, karanta wanga. Da nij je fadama na iske sun riga sun kama shi, sun ɗaure mai hannu da igiyar guga. Gari kaf yana wurin, har mata bisa tudu. Kin san Yasir ɗan maƙwabcina, mai ladabin nan da ke durƙusa miki har ƙasa in kin zo? Shi na gani ya fito daga bukka da jarkar man injin ban-ruwa. Wani na neman ashana. Ba wanda ya ce a yi, ba wanda ya ce a bari. Na dubi fuskokin mutanen da muke cin tuwo tare, ban gane ko guda ba.

Wa'azi kike so in yi musu? Da sun haɗa ni da shi. Sai na daka tsawa na ce gonata ce, hukunci nawa ne, duk wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Na ce ƙafar da ta koro shanu ita za ta biya. Mutanen nan ba su komawa gida sai sun ji ƙara, Balkisu. Na ba su ƙarar. Na zaɓi wurin da ƙashi ke saurin kamawa, na buga sau guda. Sunka yi ihu, sunka watse, Yasir ya mai da jarka. Ke kina ganin ƙafa a zaure, da ban yi haka ba, da labarin gawa za ki ji, ita ma toka.

Amma kada ki yi saurin mai da ni waliyyi, don ban son yabon ƙarya. Da sandar ta sauka zuciyata ta yi sanyi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na tuna irina. Ki kai wa ɗalibanki wannan su gaya miki ko ni mutum ne ko kura, ni dai ban sani ba.

Yanzu ki gane mi ya hana ni zuwa. In anka ji na je na ɗora, za su san wayo na yi musu. Za a ce Sadiƙ na tare da masu shanu. Kin san kalmar nan a zamanin wanga, ba a faɗinta ga mutum gidansa ya kwana lafiya. Ina da mata da ɗiya a garin nan, rumbuna kuma na kara ne. Na yi nawa, na bar mai ransa. Saura kuma sai Allah.

Ki gaishe da Baba. Ki ce mai yatsunsa ba su tsufa ba.

Sadiƙ

*

Aliero, ranar Alhamis

Yayana,

Assalamu alaikum. Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka.

Na karanta takardarka a tashar mota, na yi kuka har Ɗantani ya ɗauka rasuwa aka yi. Na janye maganar albasa da ruwa. Amma ba zan yi maka godiya ba, don aikin rabi ka yi. Ka zaɓi wurin da zai warke, to da hannun wa zai warke? Makiyayi da gurguwar ƙafa ai kashe shi aka yi a hankali. In ka tsaya nan, Yasir ne ya yi nasara, jinkiri kawai aka samu.

Tsoronka ba na banza ba ne. Ka sa Amatullahi da yara a mota su zo wurina Jega, ɗakina ya ishe mu. Rumbu kuwa ban da abin da zan ce, ba ni da ikon tsare maka shi, ba kuma zan yi maka alkawarin ƙarya ba.

Ga abin da na yanke. Baba Mamuda ya ce ƙashin ya fara kamawa a karkace, in aka ƙara jinkiri shi ke nan. Gobe in an sauko daga Juma'a, ni zan ja ƙafar nan, Baba na gaya mini inda zan sa hannu. Na san mace ba ta ɗori a gidanmu. Duk mai magana ya yi, zaure a buɗe yake. Ban taɓa yi ba, iyakata riƙe wa mahaifinmu majinyaci ina yarinya, kuma hannun alli gare ni. Mai yiwuwa in ƙarasa ɓata ta. Na gaya wa Jabbi haka, ya ce in yi, ya gaji da jiran maza.

Ba barazana nake maka ba. Ina sanar da kai ne don kai ne babba. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Balkisu

*

Giwa Tazo, Juma'a da safe

Balkisu,

Sallama. Kada ki taɓa ƙafar nan, kin ji ko? Ke da taurin kai kamar jakin kasuwa.

Amatullahi ta ce ba inda za ta, gidanta ne. Yau bayan asuba na miƙe cikin masallaci na faɗi inda za ni da abin da za ni yi, don kada a ce na saci hanya. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Su ta shafa.

Ɗantani zai riga ni isowa. Ki sa a feƙe sabon kara, a narka man shanu, a samo maza biyu masu ƙarfi. Ki gaya wa Jabbi ko wane ne ke zuwa, kada ki ɓoye mai. Ba gafara na zo nema ba, shi ma bai biya ni irina ba. In ya yarda da hannuna, ki ba shi tsumma ya ciza. Wannan za ta fi ta farko zafi.

Yayanki,
Sadiƙ