Mutumin Ƙanƙara a Kular Tuwo

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jariri da Inna da duk mutanen gida a Zariya. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Na rubuto miki a shafina inda kowa zai gani, tunda kin ce saƙon muryata ya cika tsawo, kuma wannan magana tana bukatar shaidu.

Zan fara da laifina kafin wani ya riga ni kawo miki. Ranar Lahadi na jiƙa wa Ummi littattafanta kaf, na kuma sa aji guda ya yi mata dariya.

Ga yadda aka yi. Ta dawo da takarda daga malamarsu ta aji biyar, wai ayyukan lokacin sanyi ne da za su yi kafin hutu. A saman takardar har an rubuta wai masu sauƙi ne. Ta fara karanta min tana fassarawa, ta ce kowane yaro zai kawo mutumin dusar ƙanƙara. Nan na ɗaga mata hannu na ce halas, ya isa haka, na gane. Ni da na yi aji huɗu sau biyu saboda malamai sun kasa rabuwa da ni, ai ba a tsaya yi min dogon bayani.

Kin san tsohon firjinmu da kika bar min sallahun in riƙa narkarwa. Tun tafiyarki ban taɓa shi ba, ƙanƙara har ta yi gemu a ciki. Bayan sallar asuba na ɗauki cokalin miyarki na kankaro, na mulmula kamar fura, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Kanumfari biyu ido, guntun karas hanci. Wallahi ya fi ni kama da mutumin kirki. Na zaunar da shi a kular tuwonki, na cusa a jakarta, na ce kada ta buɗe sai a gaban malama.

Motar makaranta kuwa sai ta gama zagaye unguwarmu ta Muntazah kafin ta nufi Ain Khaled inda makarantar take, ga murfin kular nan da ke kaɗai kika san yadda ake murɗa shi. Da aka zo nunawa, 'ya'yan mutane suka fito da nasu na safa da auduga. 'Yarki ta ciro kula daga jaka mai ɗiga, ta buɗe, sai karas yana iyo. Wani yaro ya tambaye ta ko miya ce.

To, na amsa nawa. Yanzu a bar ni in yi faɗana.

Wane ne ya zauna ya ga ya dace a sa yaran Doha aikin ƙanƙara? Garin da iyakar sanyinsa mutum ya kashe esi ya nemo rigar sanyin bara! Sati biyu ana sa su naɗe takarda suna yayyankawa da almakashi, wai siffar ƙanƙara mai saukowa daga sama, falonmu ya koma kamar shagon tela. An sa su rubuta labarin ranar da suka fara wasa a cikin dusar ƙanƙara. Yarinya ta zauna ta shirya ƙarya shafi guda, aka ba ta maki mai kyau. Mu a zamaninmu bulala ake ba mai wannan baiwa. Ajin nan akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Masar, a nuna min wanda ya taɓa taka abin nan da ƙafarsa. Sunan ma ai bai zauna a bakinmu ba. Ni dusar da na sani ita ce wadda ake dama wa tumaki.

Da tambayarsu aka yi yadda sanyi yake a garuruwansu, ai Ummi tana da abin faɗa. Ta san kaskon wutar Inna, ta san dankalin da ake binnewa a toka, ta ga yadda ake kokawa da yaro kafin ya yarda a yi masa wanka. Amma a'a, sai abin da aka kwafo daga ƙasar wasu.

Ke ma ina da faɗa da ke. Shekara biyar ke ce mai karanta takardun makaranta, ni mai sa hannu, ina cika baki a wurin aiki wai ni nake duba karatun 'yata. Kika bar ni a haka, kika tafi kina shan kunun kanwa.

Jiya Talata na roƙi Alhaji Isaka, mutumin Kumasi da muke tuƙi tare, ya riƙe min zagayen unguwar Lusail na safe. Na sa babbar riga na nufi makarantar da jawabina a baki. Malamar ta saurare ni da Turancina mai ɗingishi da Larabcina na kasuwa, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ɗauko takardar ta ɗora yatsa a layi na biyu. Farar safa, shinkafa, auduga, maɓallai. Babu ƙanƙara ko ɗigo. Na gyara hula na ce duk da haka maganata tana nan. Ta ce ta yarda, har ma za ta so in zo in ba yara labarin sanyin garinmu ranar Alhamis, ranar da iyaye za su zauna aiki tare da 'ya'yansu. Sai dai Ummi ta riga ta gaya mata babanta ba zai samu zuwa ba, aiki ya yi masa yawa.

Maman Ummi, ni ban ga takardar gayyata ba. Kuma Alhamis ranar hutuna ce, Ummi ta fi kowa sani.

Da yamma ina soya mata ƙwai na ɗauko zancen da wasa, na ce na ji ana biki a ajinsu amma an manta da babban baƙo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abba, ko na kawo ba za ka bari in gama karanta maka ba." Ta ci abincinta, ta wanke farantinta.

Kin tuna ranar da ta fara haɗa baƙi daga bayan mota, ta karanta sunan wani shagon shayi? Gefen titi na tsaya na sa ta maimaita har sau uku, ana ta danna min oda. Wannan yarinyar ce yanzu nake ɗaga wa hannu. Kuma na san dalili, ke ma ina jin kin sani kika rufa min asiri. Tun tana aji uku ta wuce ni. Layin farko ina ganewa. In na bari ta sauka ƙasa, za a kai inda zan ce mata mene ne wannan, ni kuwa ban taɓa son ta ga wannan a fuskata ba.

Littattafan sun bushe, na bi su da dutsen guga shafi-shafi. Takardar gayyatar ma na hango gefenta a cikin littafin Larabci, na tsallake wurin ban taɓa ta ba. Abu ɗaya ya rage a kaina, in ba ta haƙuri da bakina. Sau uku na ɗauko tun jiya, duk suka rikiɗe min barkwanci a hanya. Babana bai taɓa ba ni haƙuri ba, tsokar nama yake ƙara min a miya. Na gwada mata wannan ma, ta ce ta ƙoshi.

Don Allah kada ki kira ta ki sa baki, ba ke take bi bashi ba. Yau Laraba, ƙarfe biyu motarsu take sauke ta. In ta miƙo min takardar da hannunta, zan zauna baki a rufe har ta kai ƙasan shafi, gobe kuma in je. In ba ta miƙo ba zan zauna a gida, ba zan ƙaryata ta a gaban malamarta ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya mana su biyun, Ya ba su ilimin da ya fi na ubansu nesa. Ni kuma ki roƙa min Ya kama min harshe yau da ƙarfe biyu.

Naki har kullum,
Baban Ummi
Muntazah, Doha