Tabarau Uku da Zan Maido Muku Ranar Juma'a

Zuwa ga Alhaji Shugaban kwamitin rabon tabarau na ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, Kilomita Biyar, Bangui.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya.

Ni ne Mamman mai surfani, mutumin Maraɗi, mai rumfa a bayan layin masu atamfa. Shekara goma sha huɗu ina yi wa rigunanku aiki a garin nan, iyalina na can gida. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa shagonka ana ce mini ka fita, alhali ina jin muryarka daga ciki.

Ranar Talata magatakardanku ya zo ya ce an zaɓe ni in miƙe wajen rabon bana in yi godiya, da Hausa da Sango, yaren garin nan, tunda sau uku ina karɓa. Da na faɗa masa abin da ke bakina, ya ce in haɗiye shi, kada in kunyata bawan Allahn da ke sayo tabarau ɗin, wai butulci ne. Ba zan haɗiye ba, Alhaji. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Ka san yadda muke rabon. A zube tabarau cikin faranti a harabar masallaci, a buɗe Alƙur'ani, mutum ya yi ta gwadawa har ya ga wasali ya fito, sai a ce Allah ya sa albarka. Shekara uku nake zuwa, kowace shekara ina ɗaukar wanda ya fi na bara kauri. Waɗanda ke bakin farantin sun san ni. Sun san shayina ba suga, har tsokanata suke yi da shi. Babu wanda ya taɓa cewa: Mamman, kai mai ciwon suga ne, idonka kuma kullum baya yake yi, je a duba maka. Ba mugunta ba ce. Masu sayar da buhu da takalma ne, 'yan kasuwa kamata, ba su sani ba. To amma wanda bai sani ba, me ya zaunar da shi raba maganin ido?

Na biyu. Bayan ƙaramar salla ina tsakiyar aikin wuyan wata riga da safe, sai na ga kamar an ɗiga tawada cikin idona na hagu. Babu zafi, babu ƙaiƙayi. Na goge tabarau, na wanke fuska, tawada na nan. Wata ma'aikaciyar jinya daga unguwar Miskine da nake yi wa mijinta aiki, ita ta tambaye ni ko ina da suga, ta sa ɗan moto ya kai ni a babur ɗinsa wurin likitan ido. Ya ɗiga mini magani, na zauna har ƙwayar idon ta buɗe, ya haska ya leƙa can ciki. Ya ce suga ya cinye ƙananan jijiyoyin bayan ido, sun daɗe suna yoyon jini, ba jiya suka fara ba. Ya ce tabarau gaban ido yake gyarawa, ɓarnar kuwa a baya take. Na hagu, abin da ya tafi da wuya ya dawo. Na dama ana iya tsare shi, in aka ƙone wuraren yoyon da hasken na'ura, wataƙila har da allura a cikin idon, kuma in riƙe suga da hawan jini. Sannan ya tambaye ni ina nake duk shekarun nan. Na ce ina bakin farantinku.

Na uku. Ba zan ɗora muku kayana duka ba. Shekara tara da sanin ciwona. Magani in na samu in sha, in aiki ya yi yawa in manta. Na ga ƙudaje na yawo a idona na ce gajiya ce. Wannan nawa ne. Shi kuma mai sayo tabarau, Allah ya saka masa. Tsofaffi da yawa sun koma karatu ta dalilinsa. Amma duk sanda tsoro ya fara kama ni, sai rabonku ya zo, layi ya ɗan washe, in koma rumfa da kwanciyar hankalin da ba na gaskiya ba. Shekara uku kuka rarrashe ni, shekarun da likita ya ce su ne na ceto.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni shiru. Malam Iliya mahauci na unguwar Kokoro yana da suga, bara ya karɓi tabarau na biyu, jiya ya ce mini bana mai kauri zai nema. Na roƙe shi ya je asibiti, ya yi dariya ya ce ai kwamiti sun fi ni sani.

Abin da nake nema bai kai farashin faranti ɗaya ba. A tambayi duk wanda ya miƙo hannu ko yana da suga. In yana da shi, kada a ba shi sai an duba bayan idonsa. A gayyato likitan ido ya zauna tare da ku. A roƙi liman ya faɗa a kan mumbari cewa mai suga ya je a leƙa idonsa duk shekara, ko da yana ganin kafar allura. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranar Juma'a zan zo, kamar yadda kuka gayyace ni. Zan ajiye tabarau ukun nan a gefen farantinku, jere, daga siriri zuwa mai kauri, in zauna kusa da su. Duk wanda ya matso zan yi masa tambayar da ba a yi mini ba, zan kuma fara da Iliya. In kun ga dama ku sa a ɗaga ni. Ba zan gane wanda ya zo ta hagu ba, sai ku turo shi ta can.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da arziki, ya bar maka idanunka biyu har ka ga jikokin jikokinka.

Wassalam.

Mamman mai surfani.