Yayana Ya Dangwala Yatsansa a Takardata

Anti, don Allah ki taimake ni, hankalina ya gama tashi. Ni tela ce, shan inna ta kama min ƙafafu tun ina ƙarama, da keken guragu nake yawo. Bara gwamnati ta ce za ta ba irinmu keken ɗinki na lantarki da rumfa a kasuwa, sunana ya fito. To ofishin tantancewar yana hawa na uku, na'urar hawa benen kuma ta daɗe da mutuwa. Ofishin naƙasassu fa, Anti.

Zuwan farko Yayana ne ya goya ni. A hawa na biyu santsi ya kwashe shi muka zube, zanina ya kwance a gaban jama'a, wani har da ɗaga waya yana ɗaukar hotona. Na rantse ba ni ba benen nan. Da aka sake kiranmu sai ya bar ni a ƙasa ya hau, ya tarar ma'aikacin da ke karɓar dangwale ya ɗan fita, ya dangwala nasa yatsan a takardata. Ba zan ɓoye miki ba, ni na sa shi.

Yanzu wasiƙa ta zo: yatsan bai yi daidai da na katin shaidata ba, in bayyana ranar Alhamis ko a soke sunana, kuma za a binciki wanda ya dangwala. Yaya malami ne a makarantar gwamnati, 'ya'yansa huɗu. Matarsa ko gaisuwata ba ta amsawa. Shi kuwa ya dage in ce ma'aikacin ne ya cakuɗa takardu. Ina zan sa kaina?

Mai Keke

Ƙanwata, sannu. Abin da ya same ki a benen nan ya sosa min rai, kuma ofishin da ya kira gurguwa zuwa hawa na uku shi ya fara laifi. Amma dangwalen kuskure ne. Ɗora wa ma'aikacin kuwa zalunci ne, shi ma yana da iyali, kuma ranar da asiri ya tonu aikin Yayanki ne zai fara tafiya.

Kada ki jira Alhamis. Gobe ku rubuta wa shugaban ofishin gaskiya, har da faɗuwar, ku sa hannu ku biyu. Ki nemi ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta yankinku, su ba ki ɗan rakiya, da lauya in suna da shi. Ban ce Yaya zai fita ba ko jan kunne ba, amma wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci. Matarsa tsoro ne ke damunta, ki ci gaba da gaishe ta.

Ranar Alhamis ki je da wuri, ki tsaya a ƙasan bene, ki aika a ce kin iso da yatsanki. Kada ki bari kowa ya goya ki, su sauko da tawadarsu.

Allah ya rufa wa Yaya asiri, ya sa rumfar nan rabonki ce.