Muryar Maigidana Tana Cikin Akwatin Waifai

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don duk na karanta sai in ga kamar za a ce matar nan ta samu taɓin hankali. Kada ki sa sunana, abokan aikina suna karanta filin nan.

Ni ungozoma ce, shekarata ashirin da bakwai ina karɓar haihuwa a asibiti. Hannuna ya san aikinsa, amma in dai maganar waya da kwamfuta ce, jikata 'yar shekara shida ta fi ni. Ban taɓa damuwa ba, don wannan fannin maigidana ne. Mai gyaran wuta ne, duk layinmu Injiniya ake ce masa ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shi ya jawo mana intanet gida shekara tara da suka wuce. Ya kafa wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu a bangon falo, saman talabijin, ya bi da igiyarsa ta bayan labule ya buga mata ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin tela. Waifan ma ya sa masa suna Gidan Injiniya. Kullum yana ja wa yara kunne kada wanda ya taɓa masa akwatin nan, wai komai namu ta cikinsa yake bi.

Bara waccan ciwon ƙoda ya kama shi. Ya yi wata biyar kwance a wani babban asibiti nesa da mu, ƙaninsa na jinya, ni kuwa sai ƙarshen mako nake samun zuwa saboda aiki. Hannunsa na rawa, ba ya iya rubutu a waya, sai ya koma aiko min da saƙon murya. Ni kuma ba na sa data, a wurin aiki wayata a loka, akwatin ajiyar kayan ma'aikata, take wuni. Sai na dawo gida, ina bakin ƙofa ko takalmi ban cire ba, wayar ta kama waifai, saƙonninsa su shiga shigowa ɗaya bayan ɗaya. In zauna a hannun kujera da jakata a kafaɗa in ta saurare. Wani yana ƙorafin abinci ba gishiri. Wani yana koya min wane makunni zan kashe kafin in taɓa soket ɗin kicin. Wani yana tsokanar nas-nas, wai duk cikinsu ba mai iya nemo jijiya kamar matarsa. Na ƙarshen minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu, kuma ba wata babbar magana a ciki. Ya tambaya ko an gyara tankin ruwa, ya yi tari, ya ce in gaya wa Auta ta dage da karatu. Bayan kwana biyu Allah ya yi masa rasuwa.

Saƙonnin nan ɗari da arba'in da uku ne. Akwai kuma hotuna da ya tara min wuri guda a waya tun yana da lafiya, tun daga na aurenmu. Na lura in ina waje hotunan ba sa buɗewa, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Da na shigo falo sai su fito tas. Na haɗa wannan da maganar da yake yi wa yara, sai na sakankance cewa muryarsa da hotunan duk a cikin akwatin nan suke.

To akwatin ya tsufa. Yana zafi, fitilarsa ta koma ja, intanet ya yanke. Na sa masa 'yar fanka, ina kakkaɓe masa ƙura, ina lallaɓa shi kamar bakwaini. Babban ɗana, wanda ke gidansa da iyalinsa, ya sayo sabo ya kawo. Na ce ya ajiye a kan firji sai na shirya. Ya dawo da mai gyara, na ce kaina na ciwo. Karo na uku na daka masa tsawa a gaban matarsa, abin da ban taɓa yi ba.

Auta kuwa ita kaɗai ta rage tare da ni. Ta gama karatun harhaɗa magunguna, saura jarrabawar da za ta ba ta lasisin aiki, kuma ta intanet ake yinta, awa biyu, kyamara na kallon mutum. Saura mako guda ta roƙe ni in bari a sauya akwatin. Na ce mata bai taɓa ba mu kunya ba, aikin babanta ne. Ranar jarrabawar da safe na ɗauki hutu, na kulle ƙofar gida, na zauna ina gadin fitilar nan. Ta yi ja sau uku. A na ukun aka rufe mata shafin, aka ce sai bayan wata shida. Ƙawayenta biyu da suka yi karatu tare har sun fara aiki.

Malama, yarinyar nan ba ta yi min rashin kunya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta rufe kwamfutarta ta shige ɗaki. Yau sati uku, daga ina kwana sai sannu da dawowa. Yayanta ya kira ni ya ce taurin kaina ya ci wa yarinya wata shida, ya tambaye ni ko mene ne a cikin wannan tsohuwar roba. Ta yaya zan dubi ɗan da na haifa in ce ina sauraren muryar ubansa kullum kamar budurwa? Ba wanda ya san da saƙonnin nan sai ni.

Har yau sabon akwatin na kan firji a kwalinsa. In na bari aka cire tsohon, ina tsoron ya tafi da abin da ya rage min. In na hana, ina kallon 'yata tana nisa da ni a gida ɗaya. Ki gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce.

Ungozoma da ta rasa na yi

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Hankalinki ƙalau yake. Kin ga alamu kin yanke hukunci kamar yadda aikinki ya koya miki, alamun ne suka yaudare ki. Bari in fara da abin da zai kwantar miki da rai: muryarsa ba ta cikin akwatin nan, kuma ba ta taɓa zama a ciki ba.

Ki tuna masinjan da ke ɗaukar fayil a asibitinku, daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin gwaji. Kowane fayil ta hannunsa yake bi, amma ba ya ajiye ko ɗaya, ɗakin ajiya daban yake. Aikin akwatin ke nan, wanda masu gyara ke kira rauta. Lokacin da marigayi ya yi magana a wayarsa, saƙon ya bi layin kamfanin sadarwa ya isa manyan kwamfutocin masu manhajar da kuke aika saƙo da ita, ya zauna can yana jira. Da kika shigo gida wayarki ta haɗu da akwatin ta iska, akwatin ya haɗa ta da duniya ta igiyar nan da ke bayan labule, saƙon ya sauko ya zauna a cikin wayarki. Injiniya gaskiya ya faɗa, komai ta ciki yake bi. Bi ya ce, bai ce zama ba.

Kada ki yarda da ni haka kawai, ki gwada da hannunki. Kashe waifai a wayarki, ki danna ɗaya daga cikin saƙonnin da kika saba ji. Za ki ji shi yana magana. Hotunan kuwa, alama ta nuna ya ajiye su ne a ma'ajiyar intanet, wato a kwamfutocin wani kamfani, shi ya sa sai da intanet suke buɗewa. Ki je gidan ɗanki ki sa a haɗa wayarki da nasu waifan, ki gani ko ba za su fito ba. Abu ɗaya zan ce a duba saboda mijinki mai dabara ne: wasu kan soka filashi ko wata 'yar ma'ajiya a bayan rauta su riƙa tara kaya a ciki. Mai gyara ya leƙa a gabanki. In akwai, a zare a ba ki a hannu, abin da ke ciki ba ya gogewa don an cire shi.

Yanzu ga inda haɗarin yake, kuma nan nake so hankalinki ya koma. Shekara biyu kina gadin bango, dukiyar kuwa tana cikin wayar da kike jefawa a loka, wadda za ta iya faɗawa bokiti ko a zare ta a mota. Kafin mako ya zagayo a kwafe saƙonnin nan zuwa kwamfutar Auta, a zuba a filashi a sa a akwatin takardunki, a kuma tura su imel ɗinki. Kada ki goge manhajar, kada ki danna duk abin da ya ce zai share miki waya ta yi sauri, har sai an gama. A bincika kuma da imel ɗin wa aka ajiye hotunan. In da nasa ne a sauke su yanzu, don wasu kamfanoni kan rufe asusun da aka daɗe ba a taɓa ba.

Sabon akwatin ana iya sa masa tsohon sunan da tsohuwar kalmar sirri, wayarki ba za ta ma san an sauya ba. Igiyar da ya ja da hannunsa ta zauna inda take. Tsohon ki goge masa ƙura ki adana, ba mai hana ki.

Sai maganar yara, wadda ta fi wuya. Ɗanki ya yi miki magana mai zafi, amma ki duba ta gefensa. Ya ga abu ya lalace, ya sayo sabo, ya ɗauko mai gyara, aka kore shi sau uku ba dalili, har da tsawa a gaban matarsa. Labarin zuciya a tambayi fuska ake cewa, ke kuwa har fuskar kin ɓoye musu. Ya kamata su lura cewa macen da ba ta da rigima ba ta tada jijiyar wuya a kan roba haka kawai, wannan kuskuren nasu ne. Auta ma da ta tanadi data a gefe ko ta je gidan yayanta ta zauna jarrabawar. Amma kada ki ɗauki wannan ki kare kanki da shi. Ta roƙe ki, kika ba ta tabbacin da ba ki da shi, ta yarda da ke saboda ke ce uwarta. Haƙƙinta ne ki ba ta haƙuri, kai tsaye, ba ta hanyar girka mata abin da take so ki ajiye a bakin ƙofa ba. Girmanki ba zai zube ba.

Ki gaya musu dalilin, su biyun. Ba abin kunya a ce mace tana kewar mijinta, kuma ba ke kaɗai kika yi rashi ba, su ma uba suka rasa. Ki bar Auta ta yi aikin kwafewar kina zaune kusa da ita. Saƙonnin da suke naki ke kaɗai ki ware su, sauran ki bar su su ji. Sannan ta rubuta wa hukumar jarrabawar ta bayyana abin da ya faru, a nemi kamfanin intanet ɗinku ko zai ba da shaidar yankewar layi a ranar. Ban ce za a rage mata wata shidan ba, amma tambaya ba ta ɓata komai, kuma za ta ga kin tsaya mata.

Zan rufe da abin da ban saba faɗa a filin nan ba. Mahaifina ya rasu kafin zamanin waɗannan wayoyi, kuma yau ko na rufe ido na matsa wa kaina ba na iya tuno yadda muryarsa take. 'Ya'yanki da jikokinki ba sai sun ɗanɗani wannan ba, in dai kin buɗe hannu tun abin na nan. Ki tashi ki ƙwanƙwasa ƙofar yarinyar nan yau, kafin ki samu uzurin bari sai gobe. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba Auta sa'a a zama na gaba, ya sa ki ga ranar da za ta karɓi lasisinta.