Karen da Aka Kulle a Gidan Mai Mangwaro

Zuwa ga Jauron unguwarmu, Jalingo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara girma. Ni ne Buba ɗan Malam Hammadu. E, Buban nan dai mai kwaikwayon kukan dabbobi, wanda ya taɓa watsa teburin mai shayi da haushin kare, har kai ma ka yi dariya hularka ta faɗi. Yau ba wasa ya kawo ni ba. Allo na yi, ban yi boko ba, a yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata ke shigowa suna kama haya, a canja musu wurin aiki su tafi. Bara, tsakiyar zafin bazara, aka ɗauke ma'aikacin da ke gidan mai mangwaro. Ya bar karensa Taiga ɗaure da sarƙa da ruwa kwano guda, wai zai dawo kwasar kaya. Mai gidan ya sa kwaɗo a ƙofa, ya kawo maka makulli ajiya, ya wuce Sunkani wajen shanunsa.

Na biyu. Kwana huɗu Taiga yana kuka. Unguwa duk ta ji, kowa ya ce Buba ne ya fara shegantakarsa. Na hau katanga na gani da idona: kwano ya bushe, sarƙar kuma ba ta kai shi inuwar mangwaron. Na zo na faɗa maka bayan la'asar, a gaban mutane. Ranka ya daɗe, cewa ka yi in je in nemi wanda zan yi wa wannan, ba kai ba. Ban ɗora maka laifin duka ba, ni na koya wa unguwa ƙin yarda da ni. Kuma ina da nawa: tuwo na jefa masa ta katanga, ban tsallaka na ba shi ruwa ba, don gudun kada ya lashe ni sai na wanke sau bakwai, ko a ce sata ta kai ni. Rana ta shida ya yi shiru. Wari ne ya sa aka buɗe ƙofar.

Na uku. Tun ranar ban samu kaina ba. Ina tsaye a sahun azahar sai in ji sarƙa tana jan ƙasa. Ina ganin zagayen da ya haƙa da ƙafafunsa, taku biyu tsakaninsa da inuwa. A makarantar allo malaminmu ya karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Na haddace tun ina ƙarami, ranar aiki da shi na tsaya kan katanga ina kallo. Abokaina kan ce in yi musu Taiga su yi dariya. Sau ɗaya na gwada, kukan rana ta biyar ne ya fito, babu wanda ya yi dariya.

Na huɗu, shi ne dalilin takardar nan. Sabon ɗan hayan gidan mai mangwaro ya tafi kwas shekaranjiya. Karyarsa tana ɗaure a wurin nan dai, kyanwarsa a kulle a ɗakin girki. Makulli yana hannunka.

Roƙona: a buɗe ƙofar yau, ba gobe ba. Ni zan shiga, ta lashe ni in wanke, ƙasa da ruwa ba su ƙare ba. Sannan ka sanar a unguwa, duk mai kare ko kyanwa da zai yi tafiya ya damƙa su a hannun mutum sananne. Ruwa safe da yamma, abinci, inuwa, da allurar haukan kare wajen likitan dabbobi. Wanda ba zai iya ba, ya ba wanda zai iya. Kai ma kada ka ƙara karɓar makulli sai an zagaya gidan an tabbatar babu mai rai a ciki.

Allah ya ja zamaninka, ya sa kada wata dabba ta tsaya da kai ranar hisabi, ni ma ya yafe mini. In ka ji kuka daga gidan mai mangwaro, wallahi ba ni ba ne. Na daina.

Wassalam.
Naka, Buba.