Kwanciyar Rana a Iten

Iten, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Baban Cherop,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Yaya 'yata Cherop, haƙoran sun gama fitowa? Yaya ƙafar Mama, yaya awakina? Ni lafiya lau nake, sai sanyin dutsen nan da ya ƙi sabawa da ni.

Ka tambaye ni abin da muke yi a sansanin horon nan in ba gudu muke ba. Ba ma komai. Wallahi ba ma komai. Mu yi gudun asuba, mu sha shayi, mu wanke takalma mu jera a rana, sai kowa ya bi gado har gudun yamma. Koci Kimaiyo, mai horar da mu, ya ce kwanciyar ma aiki ce, a kan katifa ƙafa take samun ƙarfinta. Mata biyu kawai zai ɗauka a cikinmu zuwa gasar Turai, kuma ya ce wadda ba ta iya kwanciya ba kada ma ta sa rai. Ka san don gurbin nan na yaye Cherop na taho.

Jeruto da muke ɗaki ɗaya, ko safa ba ta gama cirewa take fara munshari. Ni kuwa tun da nake ban taɓa kwanciya da rana tsaka ba sai da na haihu. Ina rufe ido sai in ga Cherop, ƙirjina ya yi ta zafi.

To, na sama wa kaina mafita. Bayan shingenmu akwai wata tsohuwa, Tabsabei, 'yarta ta tafi aiki Eldoret ta bar mata jaririya. In kowa ya kwanta sai in sulale, in goya jaririyar, in taya tsohuwa cire ciyawa a gonar dankalinta. Kada ka gaya wa kowa, ko Mama.

Taka,
Jeptanui

Iten, ranar Juma'a

Baban Cherop,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai asirina ya tonu.

Jiya a dogon gudun Alhamis, muna hawan tudu bayana ya riƙe. Yaran da nake wucewa ina hira, su ne suka bar ni a baya. Da muka dawo Koci bai ko kalli bayan nawa ba, hannuna ya ce in miƙo. Ya ga ƙasa a farcena, ya ce, "Jeptanui, 'yar gudu nake horarwa ko manomiyar dankali?" Jeruto sarkin baki ta ce, "Ai Koci har goyo take yi kyauta." Kowa ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce in na sake tsallake shingen nan, in haɗa jakata in gangara kwari, in koma gida in ci gaba da noma.

Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce, sunkuyo da goyo ne suka cinye mini baya. Yau na kwanta kamar yadda aka ce. Na ƙirga kwanon rufin ɗakin nan har na gaji, barci bai zo ba, na fita gudun yamma kamar wadda aka yi wa duka.

Na karanta wasiƙarka. Na ji daɗi Cherop ta fara tafiya. Amma da ba ka rubuto mini cewa ƙanwarka take kira Mama ba. Ban ce laifin kowa ba ne. Na yi kuka dai, ka sani.

Taka,
Jeptanui

Iten, ranar Talata

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, barci nake ta yi.

Da Tabsabei ta ga na daina zuwa, sai ga ta a ƙofar sansani da jaririya a hannu, wai yarinya ta ƙi barci tun da na ɓace. Koci ya tare ta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, matsa. Na san uwarka tun kana yawo ba wando." Ya ce, "Kaka, an hana ta goyo." Ta ce, "Wa ya ce maka goyo? Ba kwanciya kake so ta yi ba?" Ta wuce shi har ɗakinmu, ta ce in miƙe a gado, ta kifa mini jaririyar a ƙirji ta yi tafiyarta.

Yarinya ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta cusa kai a wuyana, ta yi shiru. Ka san mai jariri a ƙirji ba ya motsi. Ina ta lallaɓa numfashi don kada ta farka, ban san lokacin da ni ma na tafi ba. Jeruto ce ta tashe ni gudun yamma, wai munsharina ya hana ta sakat. Tun ranar kullum ake kawo ta bayan shayi. Koci ya kan kau da kai kamar bai gani ba.

Bayana ya saki. Jiya aka yi gwajin ƙarshe, ni ce ta biyu, Koci ya kira sunana. Ke nan ba zan zo gida ba sai bayan gasar.

Na roƙe shi, ya yarda ku zo ranar Asabar. Ku hau motar farko don ku iso lokacin kwanciya. Na san ba lalle ta gane ni ba. In ta ƙi ni, kada ka matsa mata, kada kuma ka ce mata "ga Mama". Ka riƙe ta a hannunka har ta yi barci, sannan ka ɗora mini ita.

Taka har kullum,
Jeptanui