Fadamar Gafasa Kada Ta Fita Hannunku

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Hajo, matar marigayi Malam Isyaku na Gafasa, na sa aka rubuta wannan ina cikin hankalina, ba tilascin kowa. Jiki ne ya gaza, tunani yana nan.

Zuwa ga 'ya'yana Abdulmuttalib, Muzammil da Juwairiyya.

Na ɗaya. Gado malamai za su raba yadda shari'a ta tsara, ba ni da ta cewa. Roƙona kawai, kada a sayar da fadamar bakin kogi. Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, mahaifinku ya shuka alkama a can mutane suna masa dariya. Da asuba yake shiga ruwan sanyi yana gyara fangalin shuka har ƙafafunsa suka tsage. Tuwon alkamar nan ne ya fitar da mu, mu da maƙwabta gida huɗu. Ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba.

Na biyu. Irin alkamar da ke cikin randar ɗakina ba na ci ba ne, ko yunwa ta matsa. Ku shuka da farkon sanyi. Alkamar da zafi ya riska ba ta cika ido.

Na uku. Abdulmuttalib, kai ne babba. Wata bakwai ke nan ba ka gaisawa da Muzammil saboda injin ban ruwa. Na san ya ɗauka ranar da take taka, gonarka ta sha ƙishi. Ya yi laifi, ya kuma zo ya yi kuka a gabana. Ka neme shi tun ina da rai. Kai kuma Muzammil, kwana bibbiyu za ku riƙa yi da injin, kada ka ƙara ko wuni.

Na huɗu. Injin taliyata na riga na ba Juwairiyya a gaban shaidu. Alkakinta ya fi nawa, har daga Kademi ake aiko mata. Ku fara auna mata alkama kafin ku kai kasuwar Gaya.

Na biyar. Duk azumi a niƙa buhu guda, a yi funkasau da gurasa a raba wa unguwa. Hanne makauniya za a fara kai wa.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ranar girbi ku tara iyalanku a masussuka ɗaya, ku ci a akushi ɗaya, ku yi mana addu'a ni da mahaifinku.